Me sabon zuwa Landan zai tarar a watanninsa na farko?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi ɗan Kano da ya samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a a Landan, kuma zai tashi a watan Satumba. Bai taɓa fita Najeriya ba, ba shi da ɗan'uwa a can. Yana so ya san abin da zai fara cin karo da shi, da abin da ya fi wahalar da baƙo a garin.

Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya. Na daɗe a garin nan, kuma cikin aikina akwai karɓar ɗalibai baƙi da warware musu matsalolin zama, don haka abin da zan gaya maka na gan shi a kan mutane da yawa.

Ka fara riƙe wannan: a gida mutum ake sani, a Landan adireshi ake sani. Idan ka sauka a Kano ba ka san kowa ba, ya isa ka ce kai ɗan wane ne, ko daga gari kaza kake, wani zai kai ka wurin mutanenku, a ba ka tabarma da ruwa. A nan banki, da wurin aiki, da ɗakin karatu na unguwa, duk tambayarsu ta farko ita ce ina kake zaune, kuma mece ce shaidarka. Kowane layi yana da 'yan haruffa da lambobi da ake gane shi da su, za ka haddace naka kafin ka haddace lambar wayarka. Mafi yawan wahalar makonnin farko daga nan take tasowa.

Daga Abuja tafiyar awa shida ce da ɗoriya. A filin jirgin Heathrow jami'in shige da fice zai iya tambayarka makarantar da za ka, da abin da za ka karanta, da inda za ka kwana a daren nan. Takardar gurbin karatu, da ta gwajin tarin fuka, da adireshin masauki, su kasance a jakar hannunka. Katin izinin zama na roba da ake bai wa baƙi a da ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu izinin yana intanet, saboda haka ka buɗe asusunka na hukumar biza, ka tabbata an haɗa shi da fasfo ɗinka tun kana gida. Sannan ka lallashi Hajiya a kan kilishi. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shigowa da nama da duk abin da aka yi da madara, ke nan kilishi da dambun nama da man shanu sun fita. Kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da daddawa, mutane suna zuwa da su, a ɗaure su da kyau don kada kayanka su ɗauki wari.

Hanya mafi araha zuwa cikin gari ita ce jirgin ƙasa na layin Piccadilly, kusan awa ɗaya. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 ya fi sauri da faɗi, ya kuma fi tsada. Idan ka hau na farkon, wani dogon yanki na tafiyar a sarari yake kafin ya nutse ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da za ka gani ta taga shi ne bayan gidaje: ƙanana, na jan bulo, manne da juna, da 'yar farfajiya da ba ta kai tsakar gidan talaka a Fagge ba. Kusan kowa yakan yi shiru a nan ya ce a ransa, wannan ce Landan ɗin? Ita ce. Gari ne tsoho, jirgin ƙarƙashin ƙasarsa tun 1863 yake aiki, unguwanni da yawa an gina su ne a zamanin Sarauniya Victoria. Dogayen benayen gilashi da ake nunawa a talabijin suna wurare ƙalilan. Za ka ga shara a wasu tituna, za ka ga Bature yana kwance a bakin shago cikin bargo yana bara. Gani ya kori ji.

Abu na biyu da zai dake ka shi ne shirun. Tarago cike da mutane, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma ba mai kallon wani, ba mai cewa uffan. Kada ka ɗauka don kai baƙar fata ne, haka suke yi wa junansu. A ƙidayar 2021 kusan kashi 40 cikin ɗari na mazauna Landan a wata ƙasa aka haife su, don haka ba wanda zai juyo don ya ga baƙo, ko da babbar riga da hula ka shiga. A wurinsu barin mutum ya yi sha'aninsa ladabi ne. Amma ka tsayar da wani ka tambaye shi hanya, sau da yawa zai zaro waya ya duba maka. Matambayi ba ya ɓata a nan ma, sai dai a taƙaita gaisuwa.

Yanzu maganar gida, inda nake so ka fi sa hankali. Idan jami'arka tana da ɗakunan kwanan ɗalibai kuma aljihunka zai iya, ka karɓa, ko da na zangon farko ne. Sun fi tsada kaɗan, amma kuɗin wuta da ruwa da ɗumama ɗaki da intanet suna ciki, kuma ranar da ka sauka kana da adireshin da kowa ya yarda da shi. Idan haya za ka kama a gari, abin da ɗalibi yake samu shi ne ɗaki ɗaya a gidan da ake haɗa kicin da banɗaki da mutum uku ko huɗu, kuma a unguwanni da dama irin wannan ɗakin yakan ci fam 800 zuwa 1,000 a wata. Masu gida sukan nemi wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, abin da sabon zuwa ba shi da shi. Wasu jami'o'i suna da tsarin tsayawa ɗalibansu, ka tambayi ofishin kula da ɗalibai tun yanzu.

A wannan matsin ne 'yan damfara suke kama mutane. Za ka ga hoton ɗaki mai kyau a Facebook da kuɗi mai sauƙi, mai shi ya ce ya yi tafiya, ka tura kuɗin kamu zai aiko da makulli. Kada ka tura wa kowa ko kwabo a kan ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba, ko wani da ka amince da shi bai shiga ba. Gara ka biya masauki na mako biyu ka yi neman kana gari. Idan kun daidaita, doka tana bayanka a wurare biyu da ya kamata ka sani. Tun 2019 kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe bai wuce na hayar mako biyar ba, kuma an hana dillalai karɓar kuɗin duba takardu ko na rubuta yarjejeniya. Na biyu, a haya ta yau da kullum wajibi ne a saka kuɗin ajiyar nan a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, a ba ka shaida. Wannan kariyar ba ta hawa kan wanda yake zaune a gida ɗaya da mai gidan, sai ka san wane iri kake shiga. Ranar da ka tare, ka ɗauki hoton kowane lungu, har tabon da ke jikin kafet, domin ranar fita da su za a yi maka lissafi.

Akwai kuma tayin da zai zo maka daga namu: wani zai ce ka zo ka raɓa a falonsa ka riƙa ba shi wani abu, ba takarda. Na kwana kaɗan alheri ne, Allah ya saka masa. Na watanni kuwa cuta ne, domin sunanka ba ya kan komai, ba ka da abin nunawa a banki, kuma ranar da kuka saɓa ba ka da inda za ka kai ƙara.

Da adireshi ya samu sauran abubuwan sukan biyo baya da sauri. Jami'a za ta ba ka wasiƙar buɗe asusun banki, kuma bankunan waya irin su Monzo da Starling sun sauƙaƙa abin. Za ka nemi lambar inshorar ƙasa ta intanet, wadda ake cire haraji da ita idan ka fara aiki. Akwai harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa kowane gida, amma an yafe wa ɗalibi mai cikakken karatu, sai dai yafewar ba ta zuwa da kanta, sai ka miƙa wasiƙar makaranta. Duk wasiƙar da ta shigo ta ƙofa da sunanka ka buɗe ta a ranar. Hukumomin nan ba sa aiko mutum, takarda suke aikowa, kuma tara tana ƙaruwa ne a kan wanda ya yi shiru.

Ka yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, a makon farko, tun kana da lafiya. Kyauta ne, ai ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi tun daga Fabrairun 2024. Ba a shiga kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta kai tsaye, yawanci sai da takardar likita. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawara idan abin bai kai haka ba 111. Idan zazzaɓi ya kama ka a watannin farko, ka faɗa musu da bakinka cewa daga Najeriya ka zo, a gwada maleriya, domin ba ita ce take fara zuwa musu a rai ba.

Zirga-zirga ba za ta ba ka wuya ba bayan kwana kaɗan. Motocin bas sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, da katin sufuri na Oyster ko katin banki ake biya, kuma idan ka sauya bas cikin awa ɗaya ba a sake cajinka. An raba garin shiyya-shiyya daga tsakiya zuwa waje, kuɗin jirgi yana ƙaruwa da yawan shiyyoyin da ka ratsa, saboda haka ɗaki mai araha a can bayan gari yana iya cinye rarar a kuɗin mota. Ɗalibi yana da katin Oyster na musamman mai ragin kashi 30 a tikitin mako ko na wata. A matakala mai tafiya da kanta a tsaya a dama, hagu ta masu sauri ce. A titi kuwa motoci ta hagu suke bi, yadda Najeriya take yi kafin 1972, ka dubi dama kafin ka sa ƙafa. Kada ka tsaya a bakin titi kana latsa waya, masu fizge a kan keken lantarki sun yi yawa.

Kuɗi. Za ka yi makonni kana mayar da komai naira a ka, har ruwan gora ya gagare ka saya. Wannan zai wuce, kuma ruwan famfo ma ana sha. Abin da ba zai wuce ba shi ne lissafin da mutane suke yi tun daga gida, cewa da sun sauka za su kama aiki su biya haya da ragowar kuɗin makaranta. Bizar ɗalibi awa 20 ta yarda maka a mako lokacin da ake karatu. Mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 ya zama fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, ana kuma ɗan ƙara shi duk shekara. Ka buga da kanka: awa 20 a mako ba ta wuce fam dubu da 'yan kai a wata, wato kuɗin ɗaki da ɗan abin sawa a baki. Kuma aikin ba ranar da ka sauka yake samuwa ba. An hana ɗalibi yin sana'ar kansa, kuma kai abinci a keke ta manhajar waya yawanci a nan yake faɗawa. Wanda ya ce ka yi da asusunsa, ko ka yi aikin da ake biya a hannu don awannin su ɓoyu, yana wasa da bizarka ne, tasa tana aljihunsa. Makaranta ma tana lura da zuwanka aji, domin doka ta ɗora mata sanar da hukuma idan ɗalibi ya ɓace. Mutanen gida su ji wannan lissafin daga bakinka kafin ka tashi, don kada wata biyu da tafiyarka a fara turo maka lambar asusu.

Ka tambayi abin da ya fi wahalar da baƙo. Kowa sanyi yake tsoro, amma sanyin Landan da sauƙi idan aka gwada da na Kanada ko Rasha, ƙanƙara ma ba kowace shekara take kwanciya ba. Riga mai kyau tana maganinsa. Duhu shi ne abin da ba a shirya masa. Za ka sauka a Satumba gari da haske, agogonka daidai da na Kano, kana ta ɗaukar hoto a bakin kogin Thames. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai a mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan rana ta riƙa guduwa. A Disamba sai wajen ƙarfe takwas take fitowa, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, yinin bai cika awa takwas ba, kuma yawancinsa hadari ne da yayyafi. Mutumin da ya tashi inda dare da rana kusan kullum daidai suke, jikinsa ba ya gane wannan. Barci ya yi yawa ko ya ƙi zuwa, kasala ta sauka, ka rasa abin da ke damunka. A daidai lokacin ne kuma ɗokin zuwa ya ƙare, kuɗin da ka zo da su suka ja baya, aikin makaranta na farko ya taso. A Nuwamba da Disamba ne ɗalibai suka fi zuwa ofishina suna cewa sun yi kuskuren zuwa. Abin da nake gaya musu shi ne kada su yanke wata babbar shawara kafin Maris. Ka fita waje da tsakar rana ko na rabin awa ne, ko ana yayyafi. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da shawarar shan sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 a rana, a kaka da hunturu, masu baƙar fata kuma duk shekara. Idan abin ya wuce kasala ya zama ƙunci mai nauyi, jami'a tana da masu ba da shawara kyauta, likitanka ma aikinsa ne, kuma zuwa wurinsu ba raunin imani ba ne.

Salla ma sai ka sake mata tsari. A tsakiyar hunturu Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗawa tsakanin sha biyun rana da ƙarfe huɗu, lacca ɗaya mai tsawo tana iya haɗiye biyu. A Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, Isha ta kusa sha ɗaya, alfijir ya keto tun wajen uku. Ba za ka ji kiran salla daga ɗakinka ba a yawancin unguwanni, sai ka dogara da jadawalin masallacin da ke kusa da kai. Kusan duk jami'a tana da ɗakin salla. Ka sayi buta a shagunan 'yan Bangladesh ko Pakistan, ka kuma koyi alwala ba tare da jiƙa ƙasa ba, domin daɓen gidajen nan katako ne, ruwan da ka zubar a sama yana ɗiga a kan na ƙasa, kuma rigimar gidan haɗaka da yawa daga banɗaki take farawa. Sauran daga kicin: ƙararrawar hayaƙi tana tashi da suyar albasa, ka buɗe taga, kada ka cire mata batir.

Kaɗaici kuwa sai ka yi masa shiri da gangan. A gida mutane ne suke faɗo maka, a nan ba mai ƙwanƙwasa ƙofar wani ba tare da an sa rana ba, har namu da suka daɗe sun koyi haka. Idan ɗan garinku ya ce ku haɗu Asabar ta sama, kada ka ji haushi, yana aiki ne, kuma tsakaninku tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko da yake gari ɗaya kuke. Musulmi sun kai kusan kashi 15 cikin ɗari na mutanen Landan, don haka masallaci ba ya wuya. Akwai babban masallacin Regent's Park, da na Whitechapel a gabashin gari, da na 'yan Najeriya a Old Kent Road. Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya ka lizimce shi, ka riƙa zama a gefe guda, bayan Juma'a uku ko huɗu fuskoki za su fara yi maka sallama. Hausawa ba su kai Yarabawa da Ibo yawa ba a nan, kuma a warwatse suke, amma suna nan, har da na zangon Kumasi da Accra, waɗanda Hausarsu za ta ba ka dariya kafin taka ta ba su. Da ka samu mutum ɗaya zai jefa ka a zauren WhatsApp, daga nan sai suna da walima da buɗa-baki. Sai dai kada ka tsaya a namu kaɗai. Ɗan ajinku na Indiya ko Sin ko Brazil shi ma baƙo ne, yana cikin irin halinka, kuma sau da yawa ta bakinsu ake jin labarin ɗaki ko aiki. Kiran gida da bidiyo yana da daɗi, amma na ga waɗanda suka shekara a Landan jikinsu kawai ke nan, ba su san sunan maƙwabcin ɗakinsu ba.

Abinci ba matsala ba ne idan za ka dafa da kanka, kuma in ba ka iya ba ka shiga kicin wurin su Hajiya a watannin da suka rage. A Rye Lane da ke Peckham, da kasuwar Brixton, da Ridley Road a Dalston, za ka samu doya da manja da attaruhu da naman akuya na halal. Shagunan Indiyawa suna da garin gero da garin shinkafa da tsamiya, na mutanen Karebiyan suna da zoɓo. Kantunan Aldi da Lidl sun fi araha a kayan yau da kullum. A riƙa karanta bayan kwali, domin alawa da kek da yawa suna da sinadarin da aka samo daga alade, wasu kuma da giya.

Idan ka samu sarari, manyan gidajen tarihi na gwamnati kyauta ake shiga, har da British Museum inda tagullan masarautar Benin da Turawa suka kwaso daga Najeriya suke, ka je ka gani da idonka ka yanke naka hukuncin. Ka bi ta Aldwych ka ga Bush House, ginin da Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ya yi shekaru yana magana da iyayenmu daga cikinsa kafin a tashi a 2012.

Game da kaya, kada ka cika akwati da rigunan sanyi na Kantin Kwari ko na gwanjo, yawancinsu ba sa tare ruwa, a nan za ka samu wadda ta dace da kuɗi kaɗan, har a shagunan sadaka da ke sayar da na hannu. Ka zo da kaftani biyu ko uku da hula don Juma'a da Idi, da man shafawa mai kauri domin ruwan garin yana busar da fata, da tabarau na biyu idan kana sawa. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga. Ka riƙe 'yan fam a hannu da katin da yake aiki a waje, na kwanakin da za ka yi kafin asusunka ya buɗe.